Darasi na 14: Ɓatan Yaro, Zargin Jama'a da Nauyin Shaida

Da wuya a samu unguwar da ba ta taɓa ganin wannan tashin hankali ba. An aiki yaro kanti, ko ya tafi Islamiyya, la'asar ta wuce, magariba ta yi, shiru. Uwa ta zari mayafi ta shiga maƙwabta, uba ya nufi gidan mai unguwa, ladan ya yi cigiya a lasifikar masallaci: shekarunsa kaza, yana sanye da riga kaza, wanda Allah ya sa ya gani ya taimaka. Kafin isha'i ƙofar gida ta cika da 'yan jaje. A cikin wannan taro ne wata magana takan ɓullo wadda ba ta cikin cigiya. "Ni fa matar nan da ta tare kwanan baya ba ta kwanta mini ba." "Ai tun safe wani ɗan gwangwan yake zagaye a layin nan." "To, kishiyar uwar fa, an tuhume ta?"

Darasinmu na yau a kan wannan magana ta biyu yake. Za mu duba kan wa zargi yakan sauka, me yake sa a karɓi maganar shaida ko a ajiye ta, da dalilin da ya sa doka da shari'a suka dage cewa mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Ku riƙe tambaya ɗaya a zuciya har mu gama: abin da nake shirin faɗa ko aikatawa, zai kusantar da mu ga yaron ko zai nesanta mu?

Kan wa zargi yake sauka?

Zargi yana da mutanensa da ya saba zuwa wurinsu. Baƙon da ba a san asalinsa ba, mai taɓin hankali, ɗan bola-jari, matar da Allah bai ba haihuwa ba, kishiya, tsohuwar da take zaune ita kaɗai, mutumin da ya yi kuɗi ba a san sana'arsa ba. Ku duba su da kyau. Abin da ya haɗa su shi ne ko dai ba su da mai tsaya musu, ko kuma da ma can ana jin haushinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan siffofi da ya ce komai game da inda yaron yake.

Mutanen Kano ba za su manta da Hanifa Abubakar ba, yarinya 'yar shekara 5 da aka sace a farkon watan Disamba na 2021 a kan hanyarta ta dawowa daga Islamiyya. An yi makonni ana nema, ana addu'a, ana yaɗa hotonta. Da asiri ya tonu a watan Janairu na 2022, sai ga shi ba baƙo ba ne. Abdulmalik Tanko ne, mai makarantar bokon da take zuwa, mutumin da ta sani, iyayenta suka sani. Jaridu sun ruwaito cewa har gida ya je yi wa iyayen jaje. Ya nemi kuɗin fansa naira miliyan 6, kuma a wajen karɓar kuɗi jami'an tsaro suka kama shi, bayan ya riga ya kashe ta. Ranar 28 ga Yuli, 2022, Babbar Kotun Jihar Kano ƙarƙashin Mai Shari'a Usman Na'abba ta yanke masa hukuncin kisa tare da wani abokin aikata laifinsa.

Ku lura da abin da ya kai ga kama shi. Ba kallon fuska ba ne, domin fuskarsa ta mai jaje ce. Neman fansar da ya yi ne ya bar sawun da aka bi. Da a makonnin nan jama'a sun far wa wani baƙo a unguwar, da an zubar da jinin banza, mai laifin kuwa yana zaune a kan tabarmar jaje yana cewa Allah ya bayyana ta. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa. Amma kada wani ya fita daga ajin nan ya ce to daga yau malamai da maƙwabta ne abin zargi. Wannan ma komawa gidan jiya ne, an dai canza wanda za a nuna da yatsa.

Riga biyu masu jini

Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A sha'anin so ko fushi wataƙila haka ne. A sha'anin ɓatan yaro kuwa wannan karin magana ya cuci mutane da yawa.

Kowa a cikinku ya san ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ita ma ƙissar ɓatan yaro ce. 'Yan'uwansa sun dawo wa mahaifinsu da daddare suna kuka, suna riƙe da rigarsa da suka shafa wa jini, suka ce kyarkeci ya cinye shi. Ga yawa, ga hawaye, ga baki ɗaya, ga abin nunawa. Duk da haka ƙarya ce. Malaman tafsiri sun ce Annabi Yaƙub ya duba rigar ya ga ba ta yage ko'ina ba, ya gane cewa babu dabbar da za ta cinye yaro ta bar rigarsa lafiya lau. Bai tsaya ga kukan ba, rigar ya bincika.

Yanzu ku ji akasin wannan, a ƙasar Ostireliya. Daren 17 ga Agusta, 1980, wasu ma'aurata, Michael da Lindy Chamberlain, suna yada zango a cikin tanti kusa da babban dutsen nan da ake kira Uluru. Jaririyarsu Azaria, 'yar mako 9, tana barci a ciki. Uwar ta fito tana ihu cewa dingo, wato wani karen daji na ƙasar, ya ɗauke mata 'ya. Waɗanda suka yada zango kusa da su sun ba da shaidar da ta goyi bayanta, har da wadda ta ce ta ji kukan jaririyar jim kaɗan kafin ihun. Masu bin sawu daga cikin 'yan asalin ƙasar sun ga sawun dabbar. Bayan kwanaki aka tsinci kayan jaririyar da jini, amma ba a ga gawa ba. Binciken farko, a 1981, ya gaskata uwar.

Jama'ar ƙasar kuwa ba su gaskata ta ba. Sun gan ta a talabijin ba ta kuka yadda suke so uwa ta yi kuka. Tana amsa tambayoyi a natse, sai aka ce ƙeƙasar zuciya ce. Ita da mijinta mabiya wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ne masu ibada ranar Asabar, wadda yawancin mutane ba su san ta ba, sai jita-jita ta bazu cewa ma'anar sunan yarinyar hadaya a daji, alhali ba haka ba ne. Aka sake buɗe bincike. Wata ƙwararriya ta shaida wa kotu cewa ta gano jinin jariri a cikin motarsu. A watan Oktoba na 1982 aka yanke wa Lindy ɗaurin rai da rai, tana ɗauke da tsohon ciki, ta haihu tana tsare.

Tun farko ta ce jaririyar tana sanye da wata 'yar rigar sanyi a saman kayanta, masu gabatar da ƙara suka ce babu wata riga, ƙirƙira ta yi. A farkon 1986 wani ɗan yawon buɗe ido daga Ingila ya faɗo daga dutsen ya mutu, ana neman ragowar gawarsa sai aka tsinci 'yar rigar nan a yankin da ramukan dingo suke. Aka sake ta bayan ta yi fiye da shekara 3 a kurkuku. Hukumar binciken da aka kafa ta gano cewa abin da aka kira feshin jini a ƙasan gaban motar wani sinadari ne da ake fesawa tun daga kamfani don rage ƙara. A 1988 kotu ta soke hukuncin, a 1992 aka biya diyyar dalar Ostireliya miliyan 1.3. Sai a watan Yuni na 2012, kusan shekara 32 bayan abin ya faru, aka rubuta a hukumance cewa dingo ne ya kashe Azaria. Kafin nan aurensu ya mutu.

Masu kuka sun yi ƙarya, wadda ba ta yi kuka ba ta faɗi gaskiya. Baƙin ciki ba kama ɗaya gare shi ba: wata takan faɗi ta suma, wata ta yi ta sharar tsakar gida, wata ta bushe kamar ba ita aka yi wa ba. Kuma ku lura, a Uluru ba 'yan tasha kaɗai suka ɓata ba. Ƙwararru da lauyoyi da kotu duk sun bi iskar da jama'a suka kaɗa. Wannan shi ne ya fi ba ni tsoro a labarin.

Abin da doka ta ce

Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce duk wanda aka tuhuma da laifi, ana ɗaukarsa mara laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Ba Nijeriya kaɗai ba: wannan haƙƙi yana cikin sashe na 11 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, da sashe na 7 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam ta 1981, wadda Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan suka amince da ita. A fiƙihu ma ƙa'idar sananniya ce tun kafin waɗannan takardu: asalin mutum kuɓuta ne daga abin da ake jingina masa, kuma mai da'awa shi ne zai kawo hujja.

Ma'anarsa a aikace ita ce wanda ake zargi ba shi ne zai wanke kansa ba. Ba a cewa "in ba kai ba ne, faɗa mana wane ne." Mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujja, kuma sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce sai hujjar ta kai matsayin da ba ta bar wani kokwanto mai ma'ana ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, in babu cikin kwana biyu. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uwa don a samu ɗanta, ko mata don a samu mijinta. Iƙirarin da aka samu ta hanyar duka ko azaba, sashe na 29 na Dokar Shaida ya ce kotu ta yi watsi da shi, kuma tun 2017 azabtarwar kanta laifi ce a dokar ƙasa. Kowa ya san ba kullum ake bin waɗannan ba. Amma wanda ya san su ya fi wanda bai sani ba ƙarfin baki a ofishin 'yan sanda.

Nakan ji ana cewa, "Wannan doka ai ta kare ɓarayi ce. Mu da aka sace wa 'ya'ya fa?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma mai yin ta yana da uzuri, domin mutane sun sha ganin an kama mutum yau, gobe ya dawo gari yana yawo. Ga amsata. Ranar da aka damƙe wanda ba shi ba ne, ranar ake daina neman yaron, kowa ya koma gida da cewa an gama. Idan kuma shi ne, aka kashe shi a titi, to an binne adireshin yaron tare da shi.

A 2019 'yan sanda a Kano sun kama wani mutum mai suna Paul Owne yana ƙoƙarin fita da wani yaro daga jihar. Da yake an kai shi ofis da ransa, bincikensa ya kai jami'ai har Anacha a jihar Anambra, kuma a watan Oktoba na shekarar aka sanar da ceto yara 9. A 2021 Babbar Kotun Kano ta yanke masa ɗaurin shekara 104 bayan ya amsa laifinsa. Da an rataya masa taya a tasha, da wa zai nuna gidajen da sauran yaran suke?

Kuma kada laifin mutum ɗaya ya zama tambarin ƙabilarsa. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare wasu mafarauta 'yan Arewa da suke hanyar komawa gida yin sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Mun ji zafin wannan, kuma ya kamata mu ji. Waɗanda suka kashe su irin lissafin da muke yi wa baƙo a unguwarmu suka yi: ba mu san shi ba, yarensa daban, an ce, to shi ne. Bahaushe matafiyi ne, yana Zongo a Kumasi, yana Sabo a Ibadan, yana Yawunde. Kowane ɗayanmu baƙo ne a wani wuri.

Wane ne shaida?

A ƙofar gidan da yaro ya ɓata, mutum ashirin za su ce "an ga wani mutum da shi." Ku bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: kai ka gani, ko faɗa maka aka yi? Wannan zai ce a bakin mai shayi ya ji, mai shayi ya ce wata mata ce ta faɗa, matar ta ce ɗanta ne ya gaya mata. Sai ka tarar mutum ashirin sun koma ɗaya, ɗayan ma bayan mutumin ya hango. Shi ya sa sashe na 37 da na 38 na Dokar Shaida suka ce maganar "an ce" ba ta zama hujja a kotu, sai a wasu wurare ƙalilan da dokar ta keɓe. Gani ya kori ji.

Amma ganin ma ba a karɓarsa da ka. Alƙalanmu na kotunan Musulunci, masu bin mazhabar Malikiyya da littattafai irin su Tuhfatul Hukkam, sun daɗe da sanin haka. Suna neman shaida ya zama adali. Ba sa karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta wanda zai ci riba idan hukunci ya faɗa gefe ɗaya. Akwai tazkiyya, inda ake kawo waɗanda suka san shaidan su tabbatar da mutuncinsa. Akwai i'izari, inda alƙali yake tambayar wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana ko suka a kan shaidun kafin a yanke. Saboda haka idan wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan wance shi ne wanda suke rigimar iyakar gida da mijinta, to a ajiye maganarsa gefe sai an samu wata.

Wannan game da mai ƙarya ke nan. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne mai gaskiyar da ya yi kuskure. Ba ya ƙin kowa, zai iya dafa Alƙur'ani, kuma har zuciyarsa ya yarda da abin da yake faɗa. A 1974 wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, suka nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka "bugi" juna, wasu kuma lokacin da suka "ragargaji" juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. A rukunin farko mutum 7 cikin 50 suka ce sun gani, a na biyu 16 cikin 50. Babu fasasshen gilashi a fim ɗin sam. Kalma ɗaya a bakin mai tambaya ta saka wa mutane abin da idonsu bai gani ba. Ƙungiyar Innocence Project, da aka kafa a Amurka a 1992, ta duba shari'o'in mutanen da gwajin DNA ya wanke bayan an ɗaure su, ta samu kusan kashi 70 cikin 100 akwai shaidar da ya nuna su bisa kuskure.

To yaya ake auna mai gani? Da tambayoyi na hankali, irin waɗanda kotuna suke yi. Ƙarfe nawa ne, da rana ko da duhu? Akwai wuta a layin? Daga ina ka hango, tazarar ta kai nawa? Tsawon wane lokaci ka kalle shi? Ka san shi da ma, ko ranar ka fara ganinsa? Me ka fara faɗa kafin ka ji abin da sauran mutane suke cewa? Wannan ta ƙarshe ita ce uwa. Bayanin farko, wanda aka bayar kafin gari ya ɗauka, ya fi na bayan kwana uku daraja nesa ba kusa ba. Wanda ya ce "wani dogo mai jar hula" ranar Litinin, ranar Alhamis ya koma cewa "wane ne, na gane shi sarai," sai a tambaye shi me ya faru tsakani. Haka nan idan an kama mutum aka ɗora hotonsa a Facebook, an ɓata shaidar duk wanda zai zo daga baya ya nuna shi, domin ba a san ko fuskar da ya gani a layi yake tunawa ba ko wadda ya gani a waya. Dalilin da ya sa 'yan sanda suke jera wanda ake zargi cikin wasu masu kama da shi ke nan, su ce wa shaida ya zaɓa.

Sau da yawa waɗanda suka ga yaro a ƙarshe abokan wasansa ne. A nan manya suke yin ɓarna mafi girma ba da niyya ba. A tsare yaro ɗan shekara 6, mutum goma a kansa, wannan na tsawa, wancan na lallashi da alewa: "Wane ne ya tafi da shi, ko? Mai babur ɗin nan ne, ko ba shi ba?" Yaro zai ce e don a ƙyale shi, gobe kuma ya maimaita har ya zauna masa. Mutum ɗaya wanda yaron ya saba da shi ya ja shi gefe, ya ce, "Faɗa mini abin da kuka yi tun da kuka fito," ya yi shiru ya saurara, ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. A rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Sashe na 209 na Dokar Shaida ya yarda yaron da bai kai shekara 14 ba ya ba da shaida ba tare da rantsuwa ba, idan kotu ta gamsu yana da wayon gane tambaya da sanin wajibcin faɗin gaskiya, amma ba a ɗaure mutum da ita kaɗai sai an samu wata hujja ta ƙarfafa ta.

Waya

Da can jita-jita a ƙafa take tafiya. A 2017 da 2018 saƙonnin WhatsApp sun bazu a Indiya cewa ɓarayin yara sun shigo gari. Ɗaya daga cikin bidiyon da aka fi yaɗawa yana nuna mutum biyu a kan babur sun sure yaro. Ashe fim ne na faɗakarwa da wata ƙungiya ta shirya a Karachi ta Pakistan, aka yanke ƙarshensa inda ake dawo da yaron. Ranar 1 ga Yuli, 2018, a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra, jama'a suka kashe mutum 5, matafiya masu bara, bayan an ga ɗayansu yana magana da wata yarinya. Ba su saci kowa ba. Abin ya kai kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 kawai a lokaci guda, a Indiya tukuna, sannan a duniya baki ɗaya a 2019.

Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu afka wa mutane cikin rashin sani, ta kuma hana mu yawan zato. Wanda ya tura hoton mutum da rubutun "ɓarawon yara" ba tare da tabbaci ba, ya sani dokar Penal Code ta Arewa, a sashe na 391 da 392, ta sa ɓata suna cikin laifukan da ake hukuntawa. Cewa "ni ma turo mini aka yi" ba ta fid da kai. Hoton yaron da ya ɓata, da izinin iyayensa, shi ne abin yaɗawa. Idan an same shi kuma a koma duk inda aka tura a sanar, domin tsohuwar cigiya takan yi shekaru tana yawo tana tayar da hankalin garuruwan da ba ruwansu.

Idan kai ne ka ga wani abu

Kada wani ya fahimci darasin nan da cewa a kama baki. Wanda ya ga abu ya ɓoye, shi ma ya cuci yaron, kuma ɓoye shaida zunubi ne. Bambancin yana ga inda ka kai maganar da yadda ka faɗe ta. Ka kai ta wurin mai unguwa, ko dagaci, ko 'yan sanda, ko hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane. Ka faɗi abin da ka gani a matsayin gani, abin da ka ji a matsayin ji, abin da kake zato a matsayin zato. "Na ga yaron a bayan wani babur wajen ƙarfe biyar, ban ga fuskar mai tuƙin ba" ta fi amfani sau dubu a kan "wallahi wane ne." Idan an sake tambayarka ba ka tuna ba, ka ce ban tuna ba, ba abin kunya ba ne. Iyaye kuma su sani babu dokar da ta ce sai an jira awa 24 kafin a kai rahoton ɓatan yaro. A je nan take, da hotonsa na kwanan nan da bayanin kayan jikinsa, wasu kuma su duba rijiyoyi da kududdufai da kangwaye da asibitoci, domin ba kowane yaron da ya ɓata ne aka sace ba. Idan jama'a sun riga sun kama wani, aikin dattawa da 'yan sintiri shi ne su shigar da shi wani gida su rufe ƙofa har hukuma ta iso.

Aiki

Ku kasu uku-uku. Ɗaya ya zama wanda ya hango yaro da wani mutum da magariba, ɗaya ya zama mai unguwa mai tambaya, na uku ya rubuta duk tambayar da ta saka wa shaidan amsa a baki. Daga nan ku canza matsayi. A gida kuma kowa ya rubuta shafi guda a kan wannan: a shari'ar Uluru, wace hujja ce aka iya dubawa da ido, wace ce kuma ra'ayin mutane kawai? Kafin zama na gaba, kowa ya nemo lambar wayar mai unguwarsa da ta ofishin 'yan sandan da ya fi kusa da gidansa, ya rubuta su a bangon littafin nan, ya kuma ajiye su a wayar matarsa ko mijinta.